Kafin a Sayar da Gona Don Digirin Shekara Ɗaya a Birtaniya

Duk wanda yake shirin sayar da gida, ko gona, ko filin gado domin ya biya wa kansa ko ɗansa kuɗin digiri na biyu a Birtaniya ko Kanada, ni dai shawarata ya dakata. Karatun waje yana da amfani, kuma zan zo kansa. Damuwata ita ce yawancin masu shiga wannan ciniki ba su san takamaiman abin da suke saya ba, sannan mai sayarwar yana da ikon sauya sharuɗɗa bayan kuɗi sun shiga hannunsa.

Mu fara da lissafi, domin shi ne wurin da dillalan gurbin karatu ba sa so a daɗe. A shekarar 2025, matsakaiciyar jami'a a Ingila, ba irin su Oxford da Cambridge ba, tana karɓar fam dubu 15 ko fiye daga ɗalibin waje don digiri na biyu na shekara ɗaya. Hukumar shige da fice ba za ta ba ka biza ba sai ka nuna kana da kuɗin haya da abinci na wata tara. A farkon 2025, adadin shi ne fam 1,136 kowane wata idan makarantar a wajen Landan take, in kuwa a cikin Landan ce fam 1,483, kuma dole kuɗin su kwana 28 a asusunka ba su ragu ba. Ita kanta bizar, a Afrilun 2025, ta koma fam 524. Ga kuɗin kiwon lafiya, fam 776 a shekara, wanda ake biya tun kafin a taka ƙasar. Ga gwajin tarin fuka, ga tikitin jirgi, ga kayan sanyi. Idan aka haɗa, ana maganar kusan fam dubu 27 zuwa 28. A lokacin da fam ɗaya yake wajen naira 2,000, wannan ya haura naira miliyan 50. Ma'aikacin da ke karɓar mafi ƙarancin albashi na naira dubu 70, ko da ba ya taɓa ko kwabo, sai ya shekara sama da 60 kafin ya tara wannan kuɗi.

Me ya sa jami'o'in can suke nemanmu ido rufe, har su turo wakilai su kama ɗakin taro a otal-otal na Abuja da Legas da Kano? Ba don sun ji labarin hazaƙarmu ba ne. Gwamnatin Birtaniya ta ƙayyade abin da jami'a za ta karɓa daga ɗan ƙasa mai digirin farko a Ingila: fam 9,250 a shekara, kuma adadin bai motsa ba tun 2017 sai a 2025 da aka ɗaga shi zuwa 9,535. Farashin komai ya tashi, albashin malamai ya tashi, amma kuɗin ɗan gida ya daɗe a wuri ɗaya. Shi kuwa ɗalibin waje ba a sa wa kuɗinsa iyaka ba. To kamar a kasuwa ne, inda ɗan gari yake da nasa farashi, baƙo kuma a duba rigarsa a yanka masa. Kuɗin ɗan Najeriya da ɗan Indiya da ɗan China su ne suke cike giɓin. Shi ya sa da yawan ɗaliban waje ya ragu, hukumar da ke sa ido kan manyan makarantun Ingila ta bayyana a 2024 cewa kusan kashi 40 cikin 100 na makarantun suna fuskantar giɓi a kasafinsu, wasu har suka fara rage ma'aikata da rufe sassa.

Dillalin da yake cika maka fom yana cewa ba ya karɓar ko sisi a hannunka, gaskiya ya faɗa, amma rabinta. Jami'ar ce take biyansa kamasho a kan kowane ɗalibin da ya kai mata. Saboda haka idan ya nace sai wata makaranta a wani ƙaramin gari da ba ka taɓa jin sunansa ba, ka tambayi kanka ko don ta fi dacewa da kai ne, ko don ta fi sakin hannu.

Abin da ya fi tayar mini da hankali shi ne yadda ƙa'idoji suke sauyawa. A watan Yulin 2021 Birtaniya ta buɗe bizar da ke bai wa wanda ya gama karatu damar zama na shekara biyu yana aiki, mai digiri na uku kuma shekara uku. A lokacin mai digiri na biyu yana iya tafiya da matarsa ko mijinta da 'ya'ya, kuma abokin zaman yana da izinin yin cikakken aiki. 'Yan Najeriya suka yi tururuwa. A 2022 iyalan da suka bi ɗalibai 'yan Najeriya sun haura dubu 60, babu ƙasar da ta kai haka. Maganar ta zama abin siyasa a can, a watan Mayun 2023 sakatariyar harkokin cikin gida Suella Braverman ta sanar da rufe ƙofar, daga Janairun 2024 kuma sai masu karatun bincike kaɗai, da waɗanda gwamnati ta ɗauki nauyinsu, suke da damar tafiya da iyali. A 2025 gwamnatin da ta biyo baya, wadda ta fito daga wata jam'iyyar daban, ta ce za ta rage shekara biyun nan zuwa wata 18. Jam'iyya ta sauya, alƙibla ba ta sauya ba.

Mu a Arewa wannan batu na iyali ba ƙarami ba ne. Da yawa daga masu neman digiri na biyu a wajenmu magidanta ne, malaman makaranta ko ma'aikatan gwamnati masu 'ya'ya uku ko huɗu. Yanzu dole mutum ya bar iyali a gida, ya riƙe tukunya biyu, ɗaya da fam ɗaya da naira. Matar aure kuwa, wadda a da ake lallaɓa dangi a ce ai da mijinta za ta tafi, yanzu wannan hujjar ta kau. Na tabbata akwai 'yan mata da matan aure masu ƙwazo da wannan doka ta zaunar da su, kuma babu wanda ya ƙirga su.

Ba Birtaniya kaɗai ba ce. A Janairun 2024 Kanada ta sa iyaka ga yawan izinin karatu da za ta bayar, ta rage kusan kashi 35 cikin 100, ta kuma ninka kuɗin da ɗalibi zai nuna na zama daga dalar Kanada 10,000 zuwa 20,635. A watan Nuwamban wannan shekarar ta rufe hanyar gaggawa da ta ware wa ɗaliban Najeriya. Ostireliya ta ɗaga kuɗin bizar ɗalibi daga dalarta 710 zuwa 1,600 a Yulin 2024, ta sake ɗagawa zuwa 2,000 bayan shekara guda, kuma idan an hana ka ba a mayar maka da kuɗinka. Amurka, inda ɗaliban Najeriya suka kai wajen dubu 20, fiye da na kowace ƙasa a Afirka, ta dakatar da ba da ranar ganawa ga masu neman bizar karatu na wasu makonni a tsakiyar 2025, ta dawo da sharaɗin duba shafukan sada zumunta na mai nema. A watan Yuli kuma ta mayar da yawancin bizar 'yan Najeriya ta shiga sau ɗaya mai wa'adin wata uku. Ma'ana, a ƙarƙashin wannan doka ta 2025, idan aka yi maka rasuwa ka dawo gida ta'aziyya, sai ka sake shiga layin ofishin jakadanci kafin ka koma aji.

Duk waɗannan ƙasashe suna da 'yancin tsara iyakokinsu, ban ce ba su da shi ba. Abin da nake cewa shi ne wanda ya sayar da gonarsa bisa ƙa'idar bara, ba shi da wurin kai ƙara idan ta bana ta zo daban.

Sai kuma naira. Kafin Yunin 2023, iyaye suna cika Fom A a banki su sami dala a farashin gwamnati, wajen naira 460, ko da yake sai an yi ta sintiri ana jira. Da aka saki naira ta nemi farashinta a kasuwa, kafin watan Fabrairun 2024 dala ta haura 1,500. Ɗalibin da ya tafi da lissafin zai biya kuɗin makaranta kashi-kashi daga abin da ya ajiye a gida, ya wayi gari ajiyarsa ta koma kashi ɗaya cikin uku. Abin da ya faru a Jami'ar Teesside da ke Middlesbrough a watan Mayun 2024 ya isa darasi: ɗalibai 'yan Najeriya da suka kasa cika kuɗi a kan lokaci aka toshe musu shiga manhajar karatu, aka kai sunayen wasu ga hukumar shige da fice, aka ce su bar ƙasar. Wasunsu saura ƙiris su gama. Sun yi zanga-zanga da kwalaye a harabar makaranta, daga baya aka sasanta da wasu. Makarantar ta ce dokar biza ce ta ɗaure ta, kuma akwai gaskiya a ciki. Amma wanda ya dawo ba takarda ba kuɗi, wannan bayani ba zai mayar masa da filin da aka sayar ba.

Za ka ji ana cewa, "Kai dai ka samu ka shiga, in ka je aiki zai biya sauran." Wannan magana ta jefa mutane da yawa a wahala. Bizar ɗalibi a Birtaniya awa 20 kawai ta yarda ka yi aiki a mako lokacin karatu. A mafi ƙarancin albashi na can, abin da za ka samu zai iya riƙe hayar ɗaki ɗaya a gidan haɗaka da abinci, da ƙyar. Ba zai biya fam dubu goma da suka rage na makaranta ba. Kuma aikin da ake samu shi ne kula da tsofaffi, da ɗaukar kaya a sito, da gadi, da wanke-wanke, galibi da dare. Sana'a ce ta halal, ba abin kunya ba ce. Sai dai wanda ya kwana a tsaye a sito ya shiga aji da ƙarfe tara na safe, ba karatu yake ba, halarta kawai yake. Idan kuma ya wuce awa 20 aka gano, bizar ce take tafiya.

Akwai wata ɓaraka da ba a cika faɗa a fili ba. Waɗanda ba su da kuɗin nunawa sukan je wurin masu zuba kuɗi a asusu na kwana 28, a biya su lada, bayan an sami biza su kwashe abinsu. Malamai su faɗa mana sunan bashin da ake biyan ƙari a kansa. Ta fuskar doka kuwa, idan aka kama mutum da yaudara a neman bizar Birtaniya, ana iya hana shi shiga har shekara goma. Ko ba a kama shi ba, ya sauka a ƙasar sanyi da aljihu wayam, alhali adadin nan da aka ce ya nuna ba don ado aka sa shi ba, abin da rayuwa take ci ke nan.

A nan ya kamata mu gaya wa kanmu gaskiya. Da yawa daga masu tafiya ba digirin suke so ba, hanyar fita suke nema. Ci-rani ne aka sa masa rigar karatu. Ban ga laifin mai neman mafita ba, kowa ya san halin da ake ciki, kuma Bahaushe bai taɓa jin kunyar tafiya neman arziki ba, daga Gwanja har Sudan. Amma in ci-rani ne, a yi masa lissafin ci-rani. Bayan bizar kammala karatu ta ƙare, sai ka sami kamfanin da zai ɗauki nauyinka, kuma mafi ƙarancin albashin da ake buƙata don bizar ƙwararru ya tashi daga fam 26,200 zuwa 38,700 a Afrilun 2024, ya sake hawa zuwa 41,700 a Yulin 2025. Akwai sassauci ga sababbin masu digiri, amma na ɗan lokaci ne. Likita, da ma'aikaciyar jinya, da injiniyan manhajar kwamfuta suna da hanya. Wanda ya karanta harkar gudanar da kasuwanci a makarantar da ajinsa kusan duk baƙi ne irinsa, zai yi gogayya da dubbai masu takarda iri ɗaya. In ya dawo gida kuma, matakin albashi ɗaya gwamnati za ta ba shi da wanda ya yi nasa digirin a Bayero ko Ahmadu Bello da kuɗin da bai kai kashi ɗaya cikin hamsin na nasa ba.

Na san abin da za a ce mini, kuma ba zan kauce masa ba. Jami'o'inmu sun gajiyar da mutane. A 2020 ASUU ta yi yajin aiki na wata tara, a 2022 ta yi na wata takwas, daga Fabrairu zuwa Oktoba. Digiri na biyu da aka rubuta wata 18 ko shekara biyu, mutum sai ya shekara huɗu yana bin mai duba aikinsa daga ofis zuwa wurin ajiye mota. Akwai ɗakunan gwaje-gwaje da ɗalibi zai gama bai taɓa kunna na'urar da ya zana a jarrabawa ba. A can kuwa ranar da aka ce za a gama, ranar ake gamawa. Laburare yana buɗe har dare, mujallun bincike suna hannunka, malami yana amsa saƙo, kuma ana koya maka ka yi gardama da shi da hujja ba tare da ya riƙe ka a zuci ba. Wannan na ƙarshe, a ganina, ya fi takardar kanta daraja.

Tarihinmu ma shaida ne. Abubakar Tafawa Ɓalewa ya je Cibiyar Nazarin Ilimi ta Jami'ar Landan a 1945, Malam Aminu Kano ya bi bayansa a 1946. Shekara ɗaya-ɗaya suka yi, kuma kowa ya san abin da suka dawo da shi. Malam Aminu ne ya jagoranci kafa ƙungiyar malaman makaranta ta Arewa. Amma a lura, da tallafin hukuma suka tafi, suna da aikin da suka bari kuma suka dawo masa, sun kuma san abin da suka je nema. Babu wanda aka sayar da gonar ubansa.

Matsayina ke nan: a je, amma da kuɗin wasu. Kuma kuɗin suna nan. Chevening, na gwamnatin Birtaniya, tun 1983 yake biyan komai na digiri na biyu, da sharaɗin ka yi aiki na aƙalla shekara biyu kafin ka nema, kuma ka dawo gida na shekara biyu bayan ka gama. Akwai tallafin Commonwealth, wanda wani ɓangarensa yake bi ta hukumar tallafin karatu ta tarayya, wani kuma ta jami'o'in kai tsaye. Akwai Fulbright na Amurka, wanda har yana da reshe na masu zuwa koyar da Hausa a jami'o'in can na shekara guda, abin da malaman Turanci da yawa a makarantunmu ba su ma san da shi ba. Akwai na Gidauniyar Mastercard, da Gates a Cambridge, da na PTDF, asusun gwamnatin tarayya na bunƙasa fasahar man fetur, ga masu fannin mai da iskar gas. Babbar ƙofar da aka fi mantawa da ita kuma ita ce digiri na uku a Amurka da Kanada, musamman a kimiyya da injiniyanci, inda sashe yake yafe maka kuɗin makaranta ya kuma ba ka alawus saboda kana taya koyarwa ko bincike. A Amurka ana iya shiga wannan kai tsaye da digirin farko mai kyau.

Ba sauƙi ne da su ba, dubbai ne suke nema a ɗauki kaɗan. Sai dai wahalar tasu tana da wata fa'ida: idan mutanen da ba su san ka ba, ba su san ubanka ba, suka karanta takardunka suka yarda su kashe kuɗinsu a kanka, wannan alama ce cewa tafiyar tana da ma'ana. Jami'ar da ke son kuɗinka kuwa za ta turo maka takardar gurbi cikin 'yan kwanaki, kuma wannan takarda ba ta gaya maka komai game da kanka.

Abin da na lura da shi a tsakanin matasanmu shi ne ba ƙwaƙwalwa ce ta gaza ba. Akwai masu sakamako na ɗaya da na biyu mai daraja a kowace jami'a ta Arewa. Inda ake faɗuwa shi ne rubutu. Masu ba da tallafi suna so ka ba da labarin kanka: me ka yi, wa ka jagoranta, me ya sauya saboda kai. Mu kuwa an tarbiyyantar da mu a kan kunya da kawaici, yaron kirki ba ya yabon kansa. Sai ka ga saurayin da ya shekara uku yana koyar da yara marayu kyauta a unguwarsu, ko budurwar da ta haɗa mata suka gyara rijiyar burtsatse, amma a fom su rubuta cewa suna da sha'awar ci gaban ƙasa, su tsaya nan. Ga kuma matsalar takardar shaida daga malami, wanda sau da yawa zai ce ka rubuto ya sa hannu, sai ta fito ba ta da rai. Ga karɓo takardar sakamako daga jami'a, wanda kan ɗauki watanni. Ga kuɗin jarrabawar Turanci ta IELTS, wadda sakamakonta shekara biyu kawai yake aiki, ko da yake jami'o'in Birtaniya da dama suna karɓar sakamakon Turanci na WAEC a madadinta.

A nan ne nake ganin gwamnatocin jihohi suke zuba kuɗi a inda bai fi ba. Kano ta yi suna wajen tura ɗalibai waje, tun ɗalibai 501 na zamanin Rabi'u Musa Kwankwaso har zuwa 1,001 da gwamnatin Abba Kabir Yusuf ta sanar a 2023, yawanci zuwa Indiya da Yuganda, inda kuɗin ya fi sauƙi. An samu malamai da likitoci da injiniyoyi daga ciki, ba a musun wannan. Amma mun kuma ga yadda ɗaliban jihohi daban-daban suke maƙalewa a waje idan gwamnati ta sauya ko kuɗi suka yanke, har sai sun yi bidiyo suna roƙo. Ita ma TETFund, hukumar asusun tallafa wa manyan makarantu, ta dakatar da tura malaman manyan makarantu karatu waje daga Janairun 2025, ta kafa hujja da tsadar canji da kuma yawan waɗanda suke tafiya su ƙi dawowa.

Da kuɗin da za a kashe wa mutum biyu a Ingila, jiha za ta iya buɗe ƙaramin ofis a kowace jami'arta, ta zaunar da mutum uku ko huɗu daga cikin waɗanda suka taɓa cin irin waɗannan tallafi, aikinsu kawai su zauna da ɗaliban ajin ƙarshe da masu bautar ƙasa su karanta rubutunsu, su mayar musu su gyara, su sake karantawa. Ta biya wa waɗanda suka yi fice kuɗin fasfo da na jarrabawar Turanci da na neman gurbi. Ta matsa wa jami'o'inta su riƙa fitar da takardar sakamako cikin mako biyu. Ofishin jakadancin Amurka yana da irin wannan shiri a cibiyoyinsa na ba da shawarar karatu a Abuja da Legas, inda ake biya wa ɗalibai masu ƙwazo marasa hali waɗannan ƙananan kuɗaɗe, amma yaron da yake Gumel ko Argungu ko Mubi bai san da shi ba, in ma ya sani kuɗin mota ya isa ya hana shi. Chevening yakan buɗe shafin nema a watan Agusta ya rufe kafin ƙarshen shekara, saboda haka ofishin da zai yi wannan aiki, tun watan Afrilu ya kamata ya fara tara ɗalibansa.